Umma a Cikin Tukunya

Tafiyar nan ta yi wuya. Na faɗa a teburin mai shayi, na faɗa a ƙofar masallaci, amma kullum sai wani ya matso kusa da ni ya ce, "Sule, wai yaya Kamaru take?" kamar daga Makka na dawo. To ga shi na rubuta da hannuna na yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura, ku bar ni in huta. Kwana shida na yi a zuwa, biyar a dawowa, bayana har yau bai miƙe ba, kuma saura kaɗan a ɗaure ni a kan maita. Duk a kan ƙullu.

Saboda baƙi, bari in fara da maigidana. Bajamushe ne, sunansa Albrecht, bakinmu ya kasa, muka mayar da shi Baba Albarka, shi kuma ya amsa. Ya zo ƙasar nan yana dafa wa Turawa masu aikin gada abinci. Aiki ya ƙare, suka naɗe kayansu, shi ya ƙi tafiya, don ya ga wata 'yar Gbagyi mai sayar da doya a Kurudu, sunanta Laraba. Ya aure ta, ya gina tanderu a nan Karu bakin hanyar Keffi, ya shiga gasa burodi. Ni daga Jiwa na zo neman aikin faskare, na ƙare a kan kwaɓi, shekara goma sha takwas.

Ban taɓa ganin namiji irinsa a kan iyali ba, kuma ban ce ku yi koyi da shi ba. Ranar Lahadi ko motar gwamna ce ta tsaya neman burodi, ba ya kunna wuta, ranar iyali ce. Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a kai ba. To shi ma sai ya koya, don ya rage wa matarsa. Za ka ga jibgegen Bature ja wur, ga ƙwarya cike da itace a kafaɗa, yana bin bayan Mama Laraba, duk kasuwa ana dariya, shi kuma yana ɗaga hannu yana gaisuwa. 'Yarsu ɗaya, Ladi, shi yana ce mata Lotte. Shi yake mata kitso tana ƙarama, kitson kamar kaji sun yi tono. Hausarsa kuwa ba mace a cikinta, kowa "kai" ne. Ta Mama ma haka, kowa "shi" ne. In suna faɗa ba ka sanin wa ake zagi.

Burodinsa ba ya sa masa yis na kanti. Akwai wata 'yar tukunyar tangaran mai murfi a kan kanta, da ƙullu mai tsami a ciki, daga nan ake ɗiba a zuba a kwaɓi ya tashi. Ya ce ƙullun na kakarsa ne, ta bar wa uwarsa, kuma ranar da aka ƙone garinsu da yaƙi abin da uwar ta iya fita da shi ke nan. Yana ce masa Oma, wato kaka a bakinsu. Mu muka ji kamar Umma, muka ci gaba da kiranta haka. Safe da yamma sai an ba ta abinci: a kwashe rabi, a zuba fulawa da ruwa, a juya, a ja layi da gawayi a jikin tukunyar don a ga ko ta tashi, a rufe amma kada a danne murfin. In ta kwana biyu cikin zafi ba a ba ta ba, ta mutu, kuma ba a sayen wata.

Ladi ta auri wani bakanike ɗan Kamaru ta bi shi Garwa. Mama ba ta so ba, ta ce nisa ya yi yawa, ta daina ambaton sunanta. Baba kuwa duk Lahadi sai ya rubuta mata wasiƙa. Da damina ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni ya riƙe hannuna ya ce, "Zule, kai zai kai Oma wurin Lotte. Kada shi mutu." Bayan kwana uku ya rasu. Muka aika wasiƙa Garwa, shiru. Tanderu ya huce, ni kaɗai nake shiga ina ba Umma abinci. Da ruwa ya ɗauke na ce wa Mama zan raba ƙullun biyu, in bar mata rabi.

Ta ce, "Ka ɗauke shi duka. Ba na so in gan shi. Yarinyar da bai zo ya binne ubansa ba, ya je ya zauna da shi can."

Na ce, "Mama, in wani abu ya same ta a hanya fa? Shi ke nan ta ƙare."

Ta ce, "Sai ka kula."

Haka na fita da tukunya ɗaya tak a duniya, da ɗan buhun fulawa, da buta.

Motar doya na samu zuwa Jos, muna zaune a saman kaya. Shekarar da aka juya hannun tuƙi ce, direbanmu kuwa hannunsa bai yarda an juya ba. Da ya ɗan shiga tunani sai ya koma hagu, mu na sama mu kwashe da ihu, "Dama! Dama, direba!" Har Keffi muryata ta dishe. A Keffi wata mai goro ta hau, Hajiya Kande, ita ma Garwa za ta da huhunan goronta. Mace ce mai jiki, mai baki, ta san kowace tasha da sunan mai abincinta. Ta zauna kusa da ni.

Laifi na farko nawa ne. Don gudun zubewa na ɗaure murfin da igiya tam, abin da Baba ya hana. Mun wuce Akwanga rana ta take, sai na ji fus! Igiya ta zame, murfi ya yi sama, ƙullu ya fantsama a mayafin Hajiya. Na rungume tukunyar na ce, "Haba Umma, yi haƙuri, laifina ne."

Hajiya ta juyo. "Wa kake ce wa Umma? Ni na haife ka, ƙato da furfura?"

"Ba da ke nake ba, Hajiya."

"Da wa kake?"

Na nuna tukunya. Ta dube ni, ta dubi tukunya, ta ja huhunta ta sa tsakaninmu. Da na san abin da ya shiga ranta a lokacin da na yi mata bayani. Amma na gaji, kuma ni ba mai yawan magana ba ne.

Jos sanyi. Mutanenta suna sa rigar sanyi da rana tsaka, suna shan wani abu wai gwate, kamar kunu ya yi faɗa da miya aka kasa raba su. Na sha don yunwa. A rumfar tasha muka sauka. Sanyin ya sa Umma ta yi lamo, ko kumfa ɗaya babu, na tuna Baba ya ce a jirgin ruwa cikin rigarsa ya sa ta. Ni ma na cusa ta cikin riga a kan cikina. Da safe Hajiya ta same ni zaune kamar mai cikin wata tara, ina shafa tukunya ina tambayarta ko ta ji ɗumi. Na ga bakinta yana motsi.

Rabin da ake kwashewa Baba zubarwa yake yi, ko ya ba kaji. Ni ba na iya zubar da abinci. Na roƙi mai waina ta ara mini tanda, na sa gishiri da albasa na soya, na raba wa abokan tafiya. Hajiya tana can tana faɗa da masu lodi, ba ta ga daga inda ya fito ba. Aka miƙa mata ta ci uku, ta ce mai wainar Jos ta iya hannu.

Daga Jos zuwa Bauchi, Gombe, har Numan, babu abin faɗa sai rami da faci. Taya ta fashe sau biyu. A Numan muka wuni muna jiran jirgin fito, zafi kamar bakin tanderu. A zafin nan Umma ci take kamar soja, sai da na koma ba ta sau uku a rana, ni kuwa ina fama da rogo da ƙuli. Ruwan butata ma ita nake bar wa, in yi taimama. Wani malami a motar ya ce wannan bai halatta ba. Na ce ya bari in mun isa zan rama.

A Jimeta muka sauka gidan wani fatoma. Mutanen can gaisuwarsu ba ta ƙarewa. "Jam, jam, jam," har ka manta abin da ka zo tambaya. Tuwo da miyar kifi suka kawo, mai daɗi, ban ɓoye ba. Amma na lura kwanona daban aka ajiye can nesa, matan gidan suna janye 'ya'yansu in na wuce. Na ce ko al'adarsu ce. Ashe Hajiya ce ta riga ni shiga cikin gida.

Washegari muka kai iyaka, bakin kogin Faro. Wani tsoho tukuf ya fito da mu a kwalekwale. A ƙetare akwai rumfa da tebur da jandarmomi biyu, wandunansu sun matse su kamar aro suka yi. Ba sa jin Hausa, sai Faransanci da Fillanci. Hajiya ta ce ita za ta yi mana tafinta. Na gode mata ma, don wauta.

Babban ya nuna tukunya. Hajiya ta ce, "Wai mene ne a ciki?"

Na ce, "Umma ce."

"Umman wa?"

"Ta maigidana. Kakarsa ce, daga Jamus ya zo da ita."

Ta faɗa musu. Ta daɗe tana faɗa, fiye da abin da na ce. Jandarman ya cire hula ya mayar.

Hajiya ta ce, "Wai ta mutu ne ka ƙona ta, irin na wasu Turawa?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wace irin mutuwa? Da ranta. Yau da safe ma na ba ta abinci. Ta fi shekara ɗari, kuma in Allah ya yarda sai ta ga jikokin jikoki."

Hajiya ta dafe ƙirji ta juya ga jama'a, da Hausa wannan karon don kowa ya ji. "Ban faɗa muku ba? Maye ne! Kurwar tsohuwa ya kama ya rufe a tukunya. Tun Akwanga nake jin yana lallashinta. A Jos a cikinsa ta kwana!"

Nan da nan fili ya buɗe, na ga ni kaɗai ne a gaban tebur. Ƙaramin jandarma ya kama mini hannu. Babban ya ɗauki sanda ya ture murfin daga nesa, ya leƙa. Umma ta sha zafin rana, ta cika fam, tana kumfa. Ya tsokane ta da sandar. Ta yi wani dogon numfashi, fuuu, ta lotsa. Mutumin ya yi tsalle da baya, gwiwarsa ta daki tebur, tukunya ta gangaro ta kife a cikin yashi.

Ban san lokacin da na fizge hannuna ba. Na durƙusa na ɗaga ta. Tangaran bai fashe ba, amma ƙullun duk ya bi yashi, sai ɗan abin da ya manne a gindi da bakin murfi. Ranar da aka binne Baba ban yi kuka ba, ina ta hidimar baƙi. A nan na yi shi, gaban jandarma da mata, ina kankare murfi da ɗan yatsa ina zagin jandarmomin da Hausar da ba sa ji.

Tsohon nan mai fito ne ya cece ni. Ya taho a hankali ya tsuguna, ya dangwali ƙullun da ke ƙasa ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Sai ya yi dariya, bakinsa ba haƙori ko ɗaya, ya ce da Hausa, "Burodin Jamus! Rabona da wannan tsamin tun Jamusawa suna mulkin ƙasar nan, ina ɗebo wa kukunsu ruwa." Ya juya ya yi wa jandarmomin bayani da Fillanci. Babban ya goge sandarsa a wando, ya buga mini hatimi a takarda bai ko dube ni ba.

Hajiya ta matso. "Wato ƙullu ne?"

"Ƙullu ne."

"To don me ba ka faɗa ba, bawan Allah?"

"Kin tambaye ni? Ai ke kin fi kowa saninta. Ita kika ci a Jos, har uku."

Ta tofar da yawu, ta yi salati. Can ta ce, "Amma fa da ɗan daɗinta." Sannan ta kwance jiƙaƙƙen buhun da take rufe goro da shi, ta naɗe mini tukunyar don kada rana ta ƙarasa abin da ya rage. Har Garwa a cinyarta ta riƙe ta, in mota ta faɗa rami ta ce, "Sannu Umma."

Garwa gari ne mai tsabta, amma mutanenta da rana tsaka sai su rufe kantuna su tafi barci, kamar an yi musu dole. Maza suna gaisawa da kumatu. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a hammata suke saƙale shi ba ko takarda, in ka karya ciki iska ce. Baba da ya gani da ya yi kwana uku yana faɗa.

Hajiya ce ta nemo mini garejin mijin Ladi, shi ya kai ni gida. Duk hanya na shirya maganar da zan gaya mata a kan rashin zuwa jana'iza, mai zafi. Na shiga na same ta zaune a tabarma ta rame, da jariri a hannu. Ta ce, "Kawu Sule!" sai kuka. Ashe wasiƙarmu ta zo tana kan gwiwa, haihuwar ta zo da wuya, ta yi wata guda ba ta tashi ba. Mijin ya ɓoye takardar sai da ta samu ƙarfi, kwana goma kafin zuwana. Na haɗiye maganata. Na tambayi sunan yaro. Ta ce Albarka.

Na kwance buhu na ajiye tukunyar a gabanta. Ta gane ta tun kafin in buɗe. Na ce, "Ladi, ban cika alkawari ba. Abin da ya rage bai fi cokali ba, kuma tun iyaka ba ta motsa ba."

Ta leƙa, ta shinshina. Ta miƙa mini jaririn kamar ƙunshin kaya, ta ɗebo fulawa da ruwa mai ɗumi ta juya da yatsa, ta ɗauko gawayi ta ja layi. Hannunta sak na ubanta. Ta ce, "Lanzam, Kawu." Kalmar Baba ce, wato a hankali. Da ita yake hana ni cire burodi bai nuna ba.

Kwana na ɗaya, ƙullu yana kan layi. Na biyu, yana kan layi, har wani ruwa-ruwa ya taso a sama. Na kasa cin abinci. Ladi ta fito da wasiƙun Baba a cikin gwangwani tana karanta mini don in daina zagaye tukunya. Labarinsu ɗaya ne: tanderu ya tsage an liƙe, akuya ta haihu, Zule ya ƙona burodi. Sau ɗaya na ƙona, amma ya shiga wasiƙa huɗu. Kowace a ƙarshe ya rubuta, "Mamanka yana gaishe ka."

Ladi ta ce, "Da gaske tana gaishe ni, Kawu?"

Na ce, "Ban taɓa ji ba. Amma in yana rubutu tana zama kusa da shi tana tsince wake, ko babu waken da za a dafa."

Rana ta uku da hantsi ina alwala na ji ta ƙwala mini kira. Na zo da ƙafa ɗaya a jiƙe. Umma ta haye layi da faɗin yatsa biyu, ƙananan kumfa suna fashewa a sama. Na ce, "Tsohuwar banza, kin kusa kashe ni."

Muka yi kwaɓi, muka roƙi wani mai burodin sanda ya ba mu gefen tanderunsa. Ya fito baƙi, mai nauyi, mai tsami, yadda Baba yake yi. Ladi ta ci tana hawaye. Ni ma na ci. Bari in faɗa muku gaskiya tunda mai shi ba ya nan: shekara goma sha takwas ina kwaɓa burodin nan, ban taɓa son sa ba. Na fi son na kanti mai sukari. Amma ranar na ci rabi.

Da zan taho ta raba Umma biyu, ta riƙe tukunyar, ta zuba rabi a gwangwanin madara ta huda murfin. Ta ce in kai wa Mama. Na ce Mama ta ce ba ta son ganinta. Ta ce, "Kai dai ka kai." A iyaka jandarman nan ya ga gwangwani, ya ja da baya ya ɗaga mini hannu in wuce. Sauran hanyar ba abin da ya faru sai ciwon baya.

Na iso Karu da la'asar, Mama tana tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka kai shi?"

Na ce na kai. Na gaya mata ciwon Ladi, da wasiƙar da aka ɓoye, da yaron, da sunansa. Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. Ta ce, "Yana da gashi?" Na ce ja, kamar na kakansa, ga kunnuwa. Ta ci gaba da ɓara. Sai ta hango gwangwani.

"Ban ce ka dawo da shi ba."

"Ba ni na dawo da ita ba, Mama. Aiko ta aka yi."

Na shiga na ajiye shi a kan kanta inda tukunya take zama, na tafi na kwanta.

Washegari bayan na idar da sallah na ɗauki fulawa na nufi ɗakin burodi in ba Umma abinci. Na tarar an riga ni. An kwashe rabi, an juya, ga sabon layin gawayi a jikin gwangwani, a karkace. Mama tana shara a bakin ƙofa, da fulawa a gefen zaninta. Na dube ta. Ta ce, "Me kake kallo? Shi zai gasa kansa? In motar Yola ya zo wucewa, da me za a aika wa yaron?"

Na ajiye fulawar, na ɗauki gatari na faskara itace, na kunna tanderu.